Ɗan Fari a Ƙarshen Igiya

Tun ranar da Hajiya ta sauka a Greensboro, can ƙasar Turawa, Hauwa'u ta daina sanin sunan ɗanta.

Kafin surukar tata ta iso daga Funtua da ƙullin kuka da daddawa da ciwon gwiwa, gidan nan na Pleasant Garden ba ya wuni ba a ji "Sadiq, sauko!" ko "Sadiq, ina ɗaya takalmin?" ba. A bakin motar makaranta takan cafke yaron ta sumbaci goshinsa a gaban kowa. To amma ɗan fari ne, kuma sunan marigayi mahaifin mijinta ya ci, Abubakar Sadiq. Kunya biyu ke nan a wuyan yaro ɗaya ɗan shekara takwas.

A karin kumallon farko bakinta ya suɓuce. "Sadiq, zo ka gaida Hajiya."

Hajiya ta ajiye kofin shayi a hankali. "Wa kika kira?"

Hauwa'u ta sunkuyar da kai.

"Ni da na tsufa a ɗakin mai sunan ban taɓa buɗe baki na faɗe shi ba. Ke kina jifa da shi kamar sunan kyanwa. Ga runguma, ga lashe-lashe. Haka ake riƙon ɗan fari a nan?" Ta jawo yaron jikinta. "Ba komai. Dama ɗan fari ba na uwa ba ne. In na tashi komawa, da mijina zan tafi."

Hauwa'u ta dubi Sale, mijinta, tana jiran ya yi magana. Sale ya duƙufa yana shafa wa biredi bota kamar a kan aikin ake biyansa albashi. Shi ma ɗan fari ne, a hannun kaka ya tashi, har yau Hajiya ba ta kiransa da komai sai "kai" ko "wannan".

"To, Hajiya," in ji shi. "Allah ya kai mu."

A ɗaki ne ya zama namiji. "Ke ba ki san Hajiya ba," ya ce yana rage murya. "Kunya kawai take son gani. Ki nuna mata kin iya, ta ga yaron ba a sangarce yake ba, za ta bar maganar da kanta. Ki bar min sauran."

Sauran da aka bar masa bai taɓa shi ba. Ita kuwa Hauwa'u ta shiga aiki. Yaron ya koma "wancan" da "yaron nan". Ya faɗo daga keke ya goge gwiwa, ta tsaya tana nazarin fankar falo. Ya kawo sakamakon jarrabawa yana tsalle, ta ce "uhm" ta ci gaba da yankan albasa. In kewa ta ishe ta, sai ta ja shi gareji ta rungume shi a bayan injin wanki, kamar masu cinikin kayan sata. Har yaron ya tambayi ubansa da Turanci ko Momi fushi take da shi.

Kuma abin ya fara ci. An ji Hajiya a waya tana gaya wa ƙanwarta cewa yarinyar da sauran mutunci a jikinta. Ba ta dai janye maganar tafiya ba, ba ta kuma sake tayar da ita ba. Jirginta na sati mai zuwa. Asabar ɗaya ta rage Hauwa'u ta haɗiye.

A wannan Asabar ɗin Sale ya ga ya dace mahaifiyarsa ta samu labarin da za ta kai Funtua. Abokin aikinsa Longji, mutumin Pankshin, yana da ƙaramin jirgin ruwa mai inji, kuma ya daɗe yana cewa a kawo yara ya koya musu wekbod, wato yaro ya ɗaura ƙafafu a kan allo, ya riƙe igiya, jirgi ya ja shi a saman ruwa. Sale ya yi kwas ɗin tuƙin jirgi a intanet, ya taɓa riƙe sitiyarin Longji, ya kuma sayi farar hular kyaftin mai zanen anga.

Suka wuce Summerfield da gonakin dawakinta suka isa tafki da hantsi. Rikicin farko a kan laif jaket, rigar hana nitsewa, aka yi shi.

"Wannan rigar 'yan acaɓa zan sa a kan hijabina?" in ji Hajiya, tana riƙe da rigar mai kalar ruwan lemo da yatsu biyu.

"Mama, ba riga, ba jirgi," in ji Longji yana dariya. "Ko gwamna ne."

Ta sa. Ta zauna a kujerar baya ta kumbura kamar buhun auduga, carbi a hannu.

Longji ya tara yaran biyu a bakin ruwa, Sadiq da ƙanwarsa Salwa 'yar shekara shida. Ya ja madaurin rigunansu ya tabbatar ba za su zame ta kai ba. Ya ce su tsuguna, gwiwa a ƙirji, hannu a miƙe. Kada su ja igiya, jirgi ne zai ɗaga su. Babban yatsa sama, a ƙara gudu. Ƙasa, a rage. In an faɗi a saki igiya nan take, a ɗaga kan allo sama don masu wucewa su ga akwai mutum a wurin.

"Ni zan tsaya a ruwa in riƙe yaro har ya tashi," ya ce. "Oga Sale zai tuƙa, a hankali, gudun keke, ba na mota ba. Da matata Celina tana nan ita ce mai lura, to tana shif a wurin aiki." Ya miƙa wa Hauwa'u wata ƙaramar tuta mai kalar rigunan. "Direba gaba yake kallo. Ke ce idonsa na baya. Ki juya kujera, ido a kan yaro, ko ƙiftawa da dabara. Ya faɗi, ki yi ihu, ki ɗaga tuta. Shi ke nan aikin."

Da Salwa aka fara, abin ya tafi kamar a littafi. 'Ya ta biyu ce, babu dokar da ta hau kanta. Hauwa'u ta saki murya son ranta. "Salwa, miƙe hannu! Yauwa, 'yar albarka! Ta faɗi, ta faɗi!" Tuta sama, Sale ya rage wuta, ya zagayo, ya kashe inji, aka mayar da yarinya wurin Longji. Sai da ta sha ruwa ta ƙoshi kafin ta miƙe a kan allon na ɗan lokaci, aka tsamo ta tana dariya haƙora na kaɗawa. Har Hajiya ta ce, "Kai, kishiyar nan tawa akwai taurin kai."

Sannan Longji ya ɗaura wa Sadiq allo, ya ɗago hannu daga ruwa.

"Maman Sadiq! Kin shirya?"

Hauwa'u ta saci kallon Hajiya.

"Maman wa?" in ji Hajiya.

"Haka Kiristocin nan suke, Hajiya, ba su sani ba," Sale ya yi saurin cewa, yana gyara hula.

Hauwa'u ta yi lissafi da sauri. Aikin nan kallon ɗan fari ne tsagwaronsa, ido cikin ido, a gaban suruka, da tuta a hannu don kada wani ya ce bai gani ba.

"Hajiya, ko ke za ki riƙe tutar? Ai mijinki ne."

"Ni da ko ramin allura ba na gani? Daga nan duk ruwa ne a wurina."

"Baban Salwa, ko ka sauka ka riƙe shi, Longji ya tuƙa..."

"Haba," in ji Sale. "Hajiya ta zo tun daga Funtua ta ga wani na tuƙa ta? Ke dai duba kawai. Ga madubi ma ina gani." Madubin kuwa tun ɗazu ya karkato shi inda zai riƙa ganin hularsa.

Igiya ta miƙe. Longji ya yi ihu, inji ya yi gurnani, ruwa ya taso fari. Karon farko yaron ya ja igiya da ƙarfinsa ya kifa. Hauwa'u ta ɗaga tuta ta ce, "An faɗi," kamar mai karanta labarai. Karo na biyu ya yi yadda aka ce. Ya bar jirgin ya ɗago shi, gwiwoyi a lanƙwashe, ya yi tangaɗi, ya daidaita, sai ga shi tsaye a kan ruwa, bakinsa har kunne.

Hauwa'u ba ta san lokacin da fuskarta ta washe ba. Ga ɗanta, ɗan da ke tsoron kyankyaso, yana tafiya a kan tafki. Ya saki hannu ɗaya ya nuna babban yatsa sama. Ta ji dariya na taso mata daga ciki.

"Uhm," in ji Hajiya.

Carbin ya tsaya.

"Kalle shi da kyau. Ai naki ne. Ki cika ido tun yanzu, ya ishe ki har shekara ta zagayo."

Murmushin ya mutu. Hauwa'u ta ji duk wahalar makonnin nan, duk "wancan" da "yaron nan", suna zubewa ta ƙasan jirgi. Ta ce a ranta, daƙiƙa kaɗan ne. Yana tsaye lafiya, ga riga a jikinsa, ga madubi. Ta sauke ido ta juya ga Salwa, ta kama gyara mata tawul ɗin da ba abin da ya same shi.

"Yauwa," in ji Hajiya, muryarta ta yi laushi. "Ko ke fa. Ni lokacin da wannan ya yi ƙyanda," ta nuna ƙeyar Sale da leɓe, "aka aiko min daga gidan kakarsa wai yana jin jiki. Ina tsakar gida ina daka. Kin san abin da na ce? Na ce Allah ya sawwaƙe, na ci gaba da dakana. Matan gida har guɗa suka yi min. Washegari ma ban je ba, sai da aka..."

Labarin yana da tsawo. Akwai wadda ta kawo fura, akwai wadda ta yi gulma, akwai tunkiyar da ta ɓace a ranar. Hauwa'u na "ikon Allah" da "gaskiya ne, Hajiya", wuyanta na mata ƙaiƙayi. A gaba, Sale ya ɗaga waya da hannu ɗaya yana yi wa mutanen sitatus jawabi. "Jama'a, ga mu a kan ruwa, kyaftin ɗinku ne da kansa..."

Wani sauti ne ya canja. Tas, tas, tas, kamar ana tafi. Hauwa'u ta saci kallo ta gefen mayafi.

Mariƙin igiyar ne ke tsalle a kan ruwa shi kaɗai.

Ta bi farin layin da jirgin ya bari da ido. Can da nisa, nisan da ba ta yarda da shi ba, akwai ɗigon ruwan lemo yana lilo.

Abin da za ta daɗe tana jin haushinsa shi ne, ko a lokacin ma sai da ta nemi hanyar ladabi.

"Baban Salwa," ta ce. "Yaron nan..."

"Yana ƙoƙari!" Sale ya amsa bai waiwayo ba. "Jinina ne ai!"

"Na ce wancan... ba ya nan."

"Na'am?"

Sai ta hango su. Baburan ruwa guda biyu, samari a kai, sun fito daga bayan wani tsibiri suna tsere, kowanne na kallon ɗan'uwansa. Hanyarsu ta miƙe sak zuwa ɗigon nan. Tuta kuwa na kwance a cinyarta kamar mafici.

Hauwa'u ta miƙe tsaye.

"SALE! Kai Sale, kurma ne kai? Juya jirgin nan! Sadiq ya faɗi!"

Wayar ta suɓuce ta faɗa ƙasan kujera. Sale ya murɗa sitiyari da firgici, jirgin ya kwanta gefe, Hajiya ta zame daga kujera ta zauna daɓas a ƙasa tana salati. Hauwa'u ta dafe ƙarfe da hannu ɗaya, ɗayan na kaɗa tuta kamar za ta tsinke shi daga kafaɗa.

"Abubakar! Abubakar Sadiq! Ɗaga allon! ABUBAKAR!"

Ko ya ji ta, ko karatun Longji ne ya zauna, ɗigon ya motsa. Kan allo ya taso sama yana ƙyalli. Na gaban samarin ya ɗago kai, ya ga allo, ya ga jirgi na tahowa da mace tsaye tana ihu da tuta. Ya karya kan babur, na bayansa ya bi shi, suka wuce ta gefe suka bar igiyar ruwa na jijjiga yaron.

"Rage wuta!" in ji Hauwa'u. "Ta gefenka za ka bi, ka riƙa ganinsa. Kashe injin! Na ce kashe, farfela za ka sa masa?"

Kyaftin ya kashe inji.

Ta kwanta a kan bakin jirgi ta kamo kafaɗar rigarsa, ta kwance masa allon, ta jawo shi ciki da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba. Jikinsa na rawa, leɓensa ya yi fari, amma ko ƙwarzane babu.

"Momi, kun tafi kun bar ni," ya ce da Turanci. Ya dube ta da kyau, ya ƙara da guntuwar Hausarsa, "Ashe kin tuna sunana."

Ta ƙanƙame shi. Ta sumbaci goshi, ta sumbaci kunne, ta sumbaci jiƙaƙƙen gashin, a gaban Hajiya, a gaban tafki gaba ɗaya.

Da suka koma bakin ruwa, Longji na tsaye ruwa iya ƙugu, muryarsa ta dishe don ihun da ba wanda ya ji. Dariyar nan tasa ta tafi.

"Wa ke lura?" ya ce. "Na ga mai lura da ke danna waya. Na ga mai barci. Ban taɓa ganin wadda ta juya wa yaro baya da gangan ba. Madam, me ya faru?"

Hauwa'u ta buɗe baki, amma Hajiya ta riga ta. Ta koma kan kujera, ta gyara hijabi a ƙarƙashin rigar 'yan acaɓa.

"Tambaye ta dai, ɗan nan. Wace irin uwa ce za ta ɗauke ido daga yaro a tsakiyar ruwa?"

Hauwa'u ta juyo a hankali.

"Sannan ta wage baki ta kira sunan mijina da na mijinta, har kifaye sun haddace. Ba kula, ba kunya. Na ga abin da na gani. A haɗa masa kayansa."

Wani abu ya sauka daga ƙirjin Hauwa'u, ta ji ta sakayau. In ta kalle shi ta yi laifi, in ta kau da kai ta yi laifi. Jarrabawar da ma ba a shirya ta don a ci ba. Ta russuna daidai yadda ake russuna wa suruka, yaron na manne a jikinta.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Sadiq ba ya zuwa."

"Me kika ce?"

"Na yi kunyar nan iya yina, kin ga inda ta kai shi. In an yi hutu zan kawo miki shi ya gaishe ki, ya ci tuwonki, mu dawo tare. Amma zama, a nan zai zauna."

Hajiya ta juya wajen sitiyari, idonta a kan gilashin gaba, don ko yanzu ba za ta dubi ɗan fari kai tsaye ba. "Kai. Kana ji?"

Sale ya gano cewa ma'aunin mai na buƙatar bincike na musamman. Ya ƙwanƙwasa gilashinsa da farce.

"Sale," in ji Hauwa'u, tunda sunan ya riga ya fita. "Hajiya na magana da kai."

Ya cire hular ya juya ta a hannu. Ya dubi yaron, ya dubi ruwan da ya bari a baya.

"Hajiya," ya ce da ƙyar, "ni fa sai da na shiga sakandare na gane ba yayata ba ce ke. A bar shi a nan."

Ruwa na bugun cikin jirgi. Longji ya kama naɗe igiya da ƙwazo irin na wanda ke fatan a manta da shi.

Hajiya ta ja carbi ɗaya, ta ja na biyu.

"Dama," ta ce, "yaron da ke cin tuwo da cokali, me zan yi da shi a Funtua? Ya ba ni kunya a gaban mutane? Ku riƙe abinku."

Longji ya yi gyaran murya. Ya ce yaron da ya tsorata a ruwa, in har yana so, gara ya koma yau, kada tsoron ya kwana a jikinsa. Ya tambayi Sadiq. Sadiq ya dubi uwarsa, ya ɗaga babban yatsa.

"Amma da sharaɗi," in ji Longji yana hawowa. "Ni zan tuƙa jirgina. Oga Sale, sauka ka riƙe ɗanka. Ruwan iya ƙugu ne, ba zai ci ka ba."

Sale ya sauka yana ɗaga hannuwa kamar mai tsallaka kwata. Ya tallafo bayan yaron yadda aka nuna masa. Hauwa'u ta juya kujerarta baya sosai, ta kafa ƙafa, ta riƙe tuta a shirye.

"Gwiwa a ƙirji, Sadiq! Kada ka ja, bari ya ɗaga ka!"

Inji ya ɗauka, igiya ta miƙe. Hajiya ta kafe fuskarta gaba, bakinta a tsuke. Sun ɗan yi nisa kafin ta yi magana, ba tare da ta motsa wuya ba.

"Ya tashi?"

"Ya tashi, Hajiya."

"To ki kalle shi mana, kina kallona."

Can baya, Sale na tsaye cikin ruwa shi kaɗai, wando a jiƙe, yana ɗaga musu hannu yana ƙara ƙanƙancewa. Hajiya ba ta tambayi yadda aka baro shi ba.